Idan Ciwo Ya Kama Mutum A Cikin Jirgin Sama, Wa Zai Duba Shi?

Duk shekara da zarar an fara jigilar maniyyata daga filin jirgin Sultan Abubakar III, maganar nan sai ta dawo. Wani zai turo saƙon murya a WhatsApp cewa wata tsohuwa ta some a sama, ko wani dattijo ya cika kafin a kai Madina, daga nan majalisa ta ɗauka. Tambayoyin ba sa sauyawa. Ina likitan jirgin yake? Me ya hana matuƙi ya sauka a gari mafi kusa? Tunda kuma a jirginsu abin ya faru, ai kamfanin ne zai biya diyya ko? Haka ake yi idan ɗan kasuwa ya yanke jiki ya faɗi tsakanin Sakkwato da Abuja, tafiyar da ba ta fi awa guda da 'yan mintoci ba.

Tambayoyin nan uku tushensu ɗaya ne, wato zaton da muke yi cewa jirgin sama wani ƙaramin asibiti ne mai fukafukai. Akwai kulawa a cikin jirgi, kuma ba ta wasa ba ce, amma iyakarta ta riƙe ran mutum har a taka ƙasa. Wanda ya riƙe wannan, sauran bayanin zai zo masa da sauƙi.

Abin da sama ke yi wa jikin mutum

Jirgin fasinja yakan yi tafiyarsa ne a tsayin ƙafa 35,000 zuwa 40,000. Iskar da ke can ba ta isar ɗan Adam, da za a bar mutum da ita, da wuya ya cika minti guda cikin hayyacinsa. Shi ya sa ake matsa iska a cikin jirgin. Sai dai ba a matsa ta har ta yi daidai da ta ƙasa, domin kafin gangar jirgi ta jure hakan sai an ƙara mata ƙarfe da nauyi. Ana tsayar da ita ne daidai da iskar wuri mai tsayin ƙafa 6,000 zuwa 8,000. Ƙafa 8,000 kuwa kusan mita 2,400 ke nan, tsayin Chappal Waddi da ke jihar Taraba, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya. Sakkwato ita kimanin mita 300 take a saman teku. Ka ga ke nan dattijon da aka ɗauko daga Wurno ko Tambuwal, cikin rabin awa an ɗora shi a ƙololuwar dutse, alhali yana zaune a kujerarsa bai san an yi ba.

Abu na farko da ke biyo baya shi ne raguwar oksijin a jini. Lafiyayyen mutum da na'urar ɗan yatsa ke nuna masa 97 ko 98 a ƙasa, a sama yakan sauko wajen 90 zuwa 93. Shi ba zai ji komai ba, in ya yi yawa gyangyaɗi ko ɗan ciwon kai. Amma wanda tun a ƙasa yana lallaɓawa ne, mai ciwon zuciya, mai asma, mai tsohon tari da ya cinye huhu, ko mace mai ƙarancin jini, wannan ɗan ragin shi ne ke tura shi ramin da ya daɗe yana tsaye a bakinsa. Masu sikila, waɗanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawansu, su ne suka fi ba ni tausayi a nan. Ƙarancin oksijin, sanyi da ƙishirwa, abubuwa uku ke nan da aka san suna tayar musu da ciwo, kuma duka ukun suna cikin jirgi.

Na biyu, iskar da ke kulle a cikin jiki tana kumbura, har kusan kashi 30 cikin 100. Duk wanda ya lura da ledar biskit a jirgi ya ga yadda take cika fam kamar za ta fashe, ko robar ruwan da aka sha rabi aka rufe a sama, yadda take lotsewa idan an zo sauka. Abin da ke faruwa ke nan a kunne da hanji. Ga yawancinmu toshewar kunne ce da kumburin ciki. Ga wanda aka yi wa tiyatar ciki makon jiya, ko wanda iska ta taru masa tsakanin huhu da ƙirji, ko wanda likitan ido ya sa wa iska a cikin ƙwayar ido bayan aiki, maganar ta wuce nan. Haka wanda aka yi wa ɗaurin siminti a karaya jiya ko shekaranjiya, ƙafar na iya kumbura a ciki ta rasa wurin zuwa.

Sai bushewa. Danshin iskar jirgi yakan tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100, kamar tsakiyar hunturunmu na Sakkwato lokacin da leɓe ke tsagewa. Ga shi tsofaffinmu, musamman mata, da gangan suke ƙin shan ruwa tun daga gida don kada su buƙaci ban-ɗakin jirgi, wanda ba su saba da shi ba kuma suke ƙyanƙyami. A 'yan shekarun nan jigilar alhazai tana faɗowa ne cikin bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Mutum ya yini a sansani yana zufa, ya hau jirgi bai sha ruwa ba, ya zauna awa biyar, sannan ya miƙe zumbur. Faɗuwa ce za ta biyo baya.

Dogon zama kuma yana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa haɗarin yana ninkawa idan tafiya ta wuce awa huɗu, ko da yake duk da ninkin bai fi mutum ɗaya cikin kimanin 6,000 ba.

Wane ciwo ya fi tashi?

Binciken da aka fi kafa hujja da shi ya fito a mujallar likitoci ta New England a 2013. An duba kiraye-kiraye 11,920 da jiragen kamfanoni biyar suka yi wa wata cibiyar likitoci da ke Pittsburgh ta Amurka daga 2008 zuwa 2010. An samu matsala ɗaya a cikin kowane tashi 604. Suma ko jirin da ya kusa kai wa ga suma shi ne kan gaba da kashi 37 cikin 100, sai matsalar numfashi kashi 12, sai tashin zuciya da amai kusan kashi 10. Waɗanda aka bi sawunsu bayan sauka, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu aka kai asibiti, ƙasa da kashi 9 cikin 100 aka kwantar, waɗanda suka rasu kuma uku ne cikin kowane dubu.

Wato mafi yawan abin da ke tayar da hankali a jirgi suma ce da ke wucewa idan an kwantar da mutum, an ɗaga ƙafafunsa, an ba shi abin sha bayan ya farfaɗo. Sai dai a tuna cewa fasinjojin da aka ƙirga a can ba irin namu ba ne. Jirgin alhazai cike yake da tsofaffi, da yawansu ranar suka fara hawa jirgi, wasu kuma rabonsu da awon jini tun ba a tuna ba.

Rauni ma yana da nasa kaso: ruwan shayi ya ƙona mutum, jaka ta faɗo masa daga ma'ajiyar sama, ko gargadar iska ta ɗaga wanda bai ɗaura bel ba ta buga shi da rufi. Ranar 21 ga Mayun 2024 wani jirgin kamfanin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya shiga irin wannan gargada, dole ya sauka a Bankok. Wani dattijo ɗan Birtaniya mai shekara 73 ya rasu, mutane da dama suka ji rauni, wasu a kai da ƙashin baya.

To wa ke duba mara lafiya?

Ba a ɗaukar likita aiki a jirgin fasinja. Idan ka ga likita a jirgin alhazai, cikin tawagar hukumar alhazai yake, ko kuma shi ma maniyyaci ne kamar kowa.

A hajjin da na yi, kujerata tana kusa da ta wani dattijo daga wani ƙauye a gabashin jihar nan, ɗansa yana gefensa. Tun asuba aka kira mu sansani, jirgi bai tashi ba sai bayan isha'i. Mun yi kamar awa biyu a sama na ga zufa tana keto wa dattijon, ga shi jirgin da sanyi har wasu sun lulluɓa. Hannunsa yana rawa, maganarsa ta fara harɗewa.

"Baba, mi as same ka? Baba!" ɗan yana girgiza shi. Wani daga baya ya miƙo hannu ya fara tofi, wata ta ce iska ce. Ma'aikaciyar jirgin ta iso da sauri, sai dai ba ta jin Hausa, ɗan kuma ba ya jin Turanci, ni na koma tafinta. Aka yi sanarwa ana neman ma'aikacin lafiya. Wata Hajiya mai matsakaicin shekaru ta taso daga ɓangaren mata, ashe nas ce. Ta taɓa wuyansa, ta dubi idonsa, ta juya ga ɗan.

"Ɗana, Baba shina da ciwon sukari?"

Ya yi shiru, sannan ya ce a hankali, "Shina da shi, Hajiya. Mun dai ce kar a faɗi."

"Ya sha magani yau?"

"Ya sha da safe."

"Ya ci abinci?"

Bai ci ba, sai ɗan kunu tun hantsi. Na'urar awon sukarinsa kuma tana cikin babbar jaka, can ƙarƙashin jirgi inda ba mai iya kaiwa. Tunda yana iya haɗiya, Hajiyar ta sa aka kawo lemon kwali aka ƙara masa sukari, ta riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Ma'aikaciyar ta kawo ƙaramar tukunyar oksijin, wata kuma tana tsaye da takarda tana rubuta lokaci da abin da aka ba shi, tana kai wa matuƙi rahoto. Kafin minti ashirin dattijo ya buɗe ido sosai, abin da ya fara tambaya shi ne ko an yi sallar asuba.

Abin da na gani a daren nan shi ne tsarin gaba ɗayansa. Matakin farko ma'aikatan cikin jirgi ne. Mu muna kallonsu a matsayin masu raba abinci, alhali asalin aikinsu tsaron rai ne. Ana horar da su kan taimakon farko, danna ƙirji idan zuciya ta tsaya, ba da oksijin, ceton wanda abinci ya shaƙe, har da abin da za a yi idan haihuwa ta zo, kuma ana sabunta horon lokaci-lokaci. Amma ba likitoci ba ne, ba su da hurumin cewa ga ciwon da ke damun mutum.

Mataki na biyu shi ne fasinjan da ya amsa kira. A wancan binciken na 2013, likita ne ya taso a kusan rabin lokutan, nas kuma a kashi ɗaya cikin biyar. Akan nemi katin shaidar aiki kafin a buɗe masa akwatin magani. Kada kuma a ɗauka samun likita ya gama magana. Ƙila likitan ido ne ya tarar da naƙuda, ko likitan yara ya tarar da tsoho mai ciwon ƙirji. Ƙarar injin ba ta barin a ji bugun zuciya da abin sauraro yadda ya kamata, hanyar tsakanin kujeru ba ta isa a durƙusa mutum biyu ba, ga jama'a sun yi cirko-cirko, wasu har da ɗaga waya suna ɗauka.

Na uku, wanda yawancin fasinjoji ba su san da shi ba, likita ne da ke zaune a ƙasa. Manyan kamfanoni da dama suna biyan cibiyoyi irin su MedLink da ke Phoenix ko STAT-MD da ke Pittsburgh, inda likitocin gaggawa ke zaune dare da rana. Ana kiransu ta wayar tauraron ɗan Adam ko rediyo, a karanta musu alamomin, su ce a ba da kaza, su kuma ba matuƙi shawara kan sauka. Ba kowane kamfani ke da wannan yarjejeniya ba.

Me ke cikin akwatin?

Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, wadda hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ke gina ƙa'idojinta a kan nata, ta kasa kayan jinyar cikin jirgi kashi uku. Akwai akwatin taimakon farko mai bandeji, filasta, maganin ƙuna da na ciwon kai. Akwai kayan kariya, safar hannu da takunkumi da abin share jini ko amai. Sannan akwai babban akwatin likita, mai abin awon hawan jini, sirinji, kayan ƙarin ruwa, allurar adirenalin, ruwan sukari na jijiya, asfirin, maganin ciwon ƙirji na ƙarƙashin harshe da abin shaƙa na masu asma. Wannan na ukun, shawarar ICAO ita ce a ɗauke shi a jirgin da ke cin fasinja sama da 100 idan tafiyar ta wuce awa biyu. Tafiyar Sakkwato zuwa Abuja ba ta kai nan ba, ko da yake ƙasa ko kamfani na iya tsaurarawa fiye da haka.

Na'urar farfaɗo da zuciya da ake kira AED, Amurka ta wajabta ta a jiragenta na fasinja tun 2004, ICAO kuwa ta bar wa kowane kamfani ya auna da kansa. A ganina wannan ita ce tambayar da ta fi cancanta mu riƙa yi wa kamfanonin da ke zuwa Sakkwato, domin idan zuciya ta tsaya, kowane minti da ya wuce ba a yi mata shokin lantarki ba yana rage damar tsira da kusan kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Babu matuƙin da zai iya sauka cikin wannan lokaci. Na'urar kuma da kanta take faɗin abin da za a yi, ba sai likita ba.

Wani kuskure da na sha ji: wai a sauko wa mara lafiya da takunkumin oksijin da ke saman kujera. Wancan na ranar da iskar jirgi ta zube ne gaba ɗaya, 'yan mintoci kawai yake yi, daidai lokacin da matuƙi zai gangaro ƙasa-ƙasa. Na marasa lafiya ƙananan tukwane ne da ake ɗauka a hannu, kuma ƙirgaggu ne.

Me ya sa matuƙi bai sauka ba?

Nan ne zuciya ta fi tafasa, nan ne kuma aka fi rashin fahimta. Hukuncin sauka na kyaftin ne, wato babban matuƙi, shi kaɗai. Likitan cikin jirgi da na ƙasa shawara suke bayarwa.

Jirgi ba mota ba ne da za a gangara gefen titi a Talata Mafara. Daga ƙafa 37,000, ko da filin yana ƙarƙashinka, sai an yi minti ashirin zuwa talatin kafin taya ta taɓa ƙasa. A tafiyar Abuja, kafin a gane cewa abin babba ne an riga an ci rabin hanya, saboda haka ci gaba zuwa inda aka nufa sau da yawa shi ne saukar gaggawar, sai dai a nemi a ba jirgin fifiko, motar asibiti ta jira a ƙasa.

A doguwar tafiya lissafin ya fi haka rikitarwa. Jirgin da ya tashi da man awa biyar ko shida yakan fi nauyin da aka yarda ya sauka da shi. Ko dai ya zubar da mai a sama, wanda ba kowane jirgi ke da hanyar yi ba, ko ya yi ta kewaya har man ya ragu, ko ya sauka da nauyinsa a tsaya injiniyoyi su duba shi. Sannan wane fili? Sai mai titin da zai ɗauki babban jirgi, mai fitilu idan dare ne, mai matakalar da za ta kai ƙofarsa, kuma a garin akwai asibitin da zai iya abin da ake nema. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye yana buƙatar hoton ƙwaƙwalwa, idan aka sauke shi a garin da babu na'urar, an ɓata awa biyu ba a tsinana masa komai ba, an kuma bar shi a ƙasar da ba shi da biza, ba shi da kowa. Dubi taswira tsakanin Sakkwato da Jidda, tafiyar kilomita kusan 3,700, yawancinta hamada. Bayan Njamena, filayen da suka cika waɗannan sharuɗɗa ba su da yawa. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 aka rufe samaniyarta, jiragen alhazanmu na shekarar kewaye suka riƙa yi, tafiyar ta ƙara tsawo, Khartum da a da ake iya dogaro da ita ta fita daga lissafi.

Masu zargi suna cewa kuɗi ne. Ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Karkata akalar babban jirgi yana cin dubban daloli masu yawa: mai, kuɗin sauka, wataƙila awannin aikin matuƙa su ƙare a nemi otal na mutum ɗari huɗu. Likitocin nan da ke zaune a ƙasa ma kamfani ke biyansu, kuma ba wanda zai ce wannan ba ya cikin kan kowa. Masu kare kamfanoni su kuma suna nuna alƙaluma, cewa yawancin waɗanda suka some suna farfaɗowa, da za a sauka kan kowace suma da ba jirgin da zai kai inda ya nufa. A binciken 2013, kashi 7 cikin 100 na matsalolin ne suka sa aka sauya hanya.

Ni abin da na ɗauka shi ne, a bar tambayar "me ya sa bai sauka ba" a koma ga "me aka gani a jikin mara lafiyar, kuma an gaya wa kyaftin?" Ciwon ƙirjin da ya ƙi lafawa, karkacewar baki da mutuwar hannu, suman da aka kasa farfaɗowa daga gare shi, farfaɗiyar da ta ƙi tsayawa, zubar jini ga mai ciki, numfashin da oksijin bai gyara ba, waɗannan su ne ke sa a sauka. Kyaftin yana kulle a gaba, ba ya ganin mara lafiya, da abin da aka kai masa yake hukunci. Idan dangi suka ce "ba komai, gajiya ce" don tsoron kada a sauke su a hanya, to haka za a rubuta, haka kuma za a faɗa masa.

Idan rai ya yi halinsa

Ma'aikatan jirgi ba su da ikon tabbatar da mutuwa. Jagorar ƙungiyar kamfanonin jirage ta IATA ta ce a ci gaba da danna ƙirji, idan aka yi minti talatin babu alamar rai kuma na'ura ba ta nemi a yi shokin ba, ana iya dakatawa. Daga nan a kai mamacin inda babu jama'a sosai in da wuri, in babu a bar shi a kujerarsa, a ɗaura masa bel, a lulluɓe shi. Yawanci jirgin yakan wuce inda ya nufa, domin sauka a hanya ba abin da zai ƙara sai wahalar fitar da gawa daga wata ƙasa ta uku.

Laifin wa, kuma wa zai biya?

Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ta shigar cikin dokarta ta sufurin jiragen sama, ta ɗora wa kamfani alhakin mutuwa ko rauni idan haɗari ne ya jawo shi a cikin jirgi ko wajen hawa da sauka. Duk rigimar tana kan kalmar haɗari. Kotun ƙolin Amurka a shari'ar Air France da Saks ta 1985 ta ce haɗari shi ne abin da ba a saba ba, wanda ya zo wa fasinja daga waje. Saks, matar da ta kurumce a kunne ɗaya saboda sauyin matsin iska na yau da kullum, kotun ta ce wannan bai shiga ba. Haka wanda ciwon zuciyarsa ya tashi don kansa.

Amma a 2004 kotun ta yanke wani hukunci a shari'ar Olympic Airways da Husain. Wani likita mai asma aka zaunar kusa da masu shan taba, matarsa ta roƙi ma'aikaciyar jirgi har sau uku a sauya masa wuri, ta ƙi, ya rasu a sama. Kotu ta ce wannan ƙin haɗari ne, kamfani zai biya. Ma'ana, ciwon kansa ba laifin kamfani ba ne, amma yin biris da shi yana iya zama. Shayin da ya zubo ko jakar da ta faɗo sun fi sauƙin shiga. Wa'adin shigar da ƙara shekara biyu ne daga ranar sauka.

Shi kuma likitan da ya taimaka? Amurka ta yi doka a 1998 da ke kare shi daga ƙara, sai in ya yi mummunan sakaci ko ganganci. Faransa da Jamus nasu ya bambanta, a can ƙin taimakon wanda ke cikin haɗari shi kansa laifi ne. Kuɗin karkata jirgi, bisa al'ada kamfani ke ɗauka, ba a bin mara lafiya. Kuɗin asibitin garin da aka sauke shi kuwa nasa ne, in ba shi da inshorar tafiya.

"Mun dai ce kar a faɗi"

Wannan jimlar ta ɗan dattijon nan ita ce ta fi tsaya mini. Ban kuma ga laifinsa kai tsaye ba. Kujerar hajji ta haura naira miliyan takwas a 2025. Mutum ya sayar da shanu ko gona, ko 'ya'ya sun yi shekaru suna tarawa, sai a ce wata takardar likita ce za ta hana? Ga shi Saudiyya ta fito da jerin cututtukan da ba ta yarda a zo hajji da su ba, irin su ciwon ƙodar da ya kai ga wankin jini, gazawar zuciya mai tsanani, ciwon huhun da sai da oksijin, da cutar mantuwa ta tsufa. Hukumar alhazai ta ƙasa kuma tana hana masu juna biyu. Sai tsoro ya sa mutane suka haɗa komai wuri ɗaya, suna ɓoye har abin da ba ya hana tafiya. Ciwon sukari da hawan jini da ake sha wa magani ba sa hana kowa hawa jirgi. Akwai kuma masu cewa ai mutuwa a hanyar Makka dace ce. Wannan fagen malamai ne, su ne kuma suka karantar da mu cewa lafiyar jiki tana cikin ikon da ke wajabta hajji.

Faɗin gaskiya yawanci tanadi yake jawowa. Kamfanoni suna da fom da ake kira MEDIF, likitanka ya cike, a aika musu kwanaki kafin tafiya, likitansu ya duba. Ta nan ake tanadar wa mutum oksijin na tsawon tafiya, ko keken guragu, ko ma gadon kwanciya a cire kujeru. Ba a barin fasinja ya hau da tukunyar oksijin tasa ta gida haka kawai. Mai ciki, yawancin kamfanoni suna ɗaukarta har mako 36, mai tagwaye mako 32, kuma daga mako 28 sukan nemi takardar likita. Wanda ya fito daga tiyata, ko ya yi bugun zuciya kwanan nan, ko mai sikila da bai daɗe da tashi daga ciwo ba, tambaya ɗaya a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko wajen likitan da ke duba shi ta isa a ce masa tafi ko jira kwana goma. Wanda kuma ya zo ƙofar jirgi a galabaice ba takarda, kyaftin yana da ikon cewa ba zai ɗauke shi ba, a nan ne ake asarar tikitin da ake gudu.

Sauran kuwa ƙananan abubuwa ne da 'ya'ya za su iya yi wa iyaye tun a gida. Magani da na'urar awo su shiga jakar hannu, da ɗan dabino ko alewa ga mai sukari. A rubuta sunan ciwon da sunayen magungunan da Turanci a takarda, a soke ta cikin fasfo, domin ma'aikaciyar da za ta zo kansa ƙila ba ta jin Hausa, shi kuma a lokacin ba ya iya magana. A kai tsohuwa ta ga yadda ban-ɗakin jirgi yake tun farkon tafiya don ta yarda ta sha ruwa. Wanda ya some kuma ba a ɗura masa ruwa ko zamzam a baki, yana iya wucewa huhu.

Dattijon nan na sake haɗuwa da ɗansa a Madina, a bakin ɗakin shan magani na 'yan Najeriya. Babbar jakar tasu ba ta iso masauki ba sai bayan kwana biyu, ƙwayoyin da na'urar duk suna ciki. A kwana biyun nan sukarin da ya faɗi a jirgi ya juya ya hau, har sai da aka yi wa Baba ƙarin ruwa.